Igiyar Hoshur Aka

Ni mai aski ne, kuma duk ranar Lahadi ta Allah a bakin karar dabbobi ta Keriya nake kafa kujerata, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da babana ya yi aski a inuwarta kafin ni. Wurin ba shi da daɗin wari, amma nan ake samun kawuna. Mutumin ƙauye ba ya tuna yana da gashi sai ya sayar da tunkiya ya ji nauyi a aljihu. A cikin kawunan da suka saba da askata kuwa, babu wanda na sani kamar na Hoshur aka, wato yaya Hoshur, yadda muke kiran babba a nan.

Kan nan yana da wani lotsi a bayan kunnen hagu, tsarabar da wani raƙumi ya ba shi yana saurayi, don haka dole aska ta bi wurin a hankali. Mai kan kuma ba ya magana in ana yi masa aski. Sauran mutane da sun ji ruwan ɗumi a ƙeya sai bakinsu ya buɗe, su ba ka labarin surukansu da na ciwon gwiwarsu. Shi sai ya lumshe ido, igiyar jakinsa na naɗe a hannu, jakin na tsaye a gefe yana kallon aikina kamar shi zai biya.

A Kumbag aka haife shi, ƙauye na ƙarshe kafin yashi ya karɓe ƙasa. Tun gemu bai fito ba yake shiga sahara da amalanke, ya saro busasshen itace ya kawo wa masu tanderu. In aka ce rabin gurasar da garin nan ya ci a wancan zamani da itacensa aka gasa ta, ba a yi ƙarya mai yawa ba. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma noman kankana da kiwon 'yan tumaki. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba. Ya aurar da 'ya'yansa mata biyu can wajen Hotan, ɗansa Ilyar kuma ya yi karatu ya samu aiki a Urumci, inda mota ke kwana a hanya kafin ta kai mutum.

Matarsa Hornisahan 'yar ƙaramar mace ce mai kaifin harshe, irin tsofaffin garinmu masu manna 'yar mitsitsiyar hula a kan farin mayafi. Kowace Lahadi tare suke shigowa, shi a gaban amalanke yana "posh, posh" don a ba shi hanya, ita a baya ta juya masa baya, ƙafafunta na reto, suna faɗa tun daga Kumbag har bakin kasuwa. Ta sayar da ƙwanta, shi ya sayar da kankanarsa, da azahar kuma ka same su a rumfar mai taliya sun sa kwano ɗaya a tsakiya, faɗan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ita ce ke tufka duk igiyoyin gidan da gashin akuya, baƙi da fari.

Mu nan ana sayar da dabba, ba a sayar da igiyarta. Mai saye shi ke zuwa da tasa. In ciniki ya faɗa, mai dabba ya kwance igiyarsa ya naɗe ya koma da ita gida, don albarkar turke a jikin igiya take, wanda ya bar ta ta bi dabba ya kori kiwo daga gidansa da hannunsa. Yaran yanzu suna yi ne don sun ga ana yi. Hoshur kuwa da gaske yake. Na taɓa zuwa gidansa bikin 'yarsa, ya ja ni garke ya nuna mini bango guda cike da igiyoyi a rataye. Wannan ta ragon da ya biya wa Ilyar makaranta ce, waccan ta saniyar da ba ta da kunya ce, ga ta alfadarin da ya kusa kashe shi. Wasu sun ruɓe har ba sa ɗaure kaza, amma in ka ce a zubar sai ya dube ka kamar ka zagi babansa.

Jakin da na ce yana kallon aikina, Boz suke ce masa saboda launin tokarsa. Igiyarsa ita ce ta ƙarshe da Hornisahan ta tufka, lokacin idonta ya fara dushewa, sai ta fito wani wuri kauri wani wuri siriri. Hoshur ya yi ta tsokanarta cewa ko makaho ya fi ta iya tufka, ta ce to ya je ya auri makahon. A hunturun shekarar ta rasu.

Bai fasa zuwa kasuwa ba. Sai dai amalanken ya yi shiru, kuma a rumfar mai taliya ya riƙa barin rabin kwano. Haka aka yi 'yan shekaru, har bazarar da ya faɗi a gonar kankana ya wuni a kwance a rana kafin maƙwabci ya tsince shi. Ilyar ya zo a gigice. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙazafi ba, kuma gaskiya a bakinsa take. Ya ce ba zai bar tsohonsa ya mutu shi kaɗai a bakin sahara ba. Ya ba da gonar aro ga wani ɗan uwansu, ya sayar da tumakin, ya ce kafin sanyi ya shigo zai dawo ya tafi da Baba, ga ɗaki can an gyara masa a saman bene. Saura jaki. Hoshur ya ce wannan shi zai sayar da hannunsa. Ilyar ya yarda, amma ya ce in ya dawo ya tarar da jakin, zai miƙa wa masu babbar mota.

Kowa a kara ya san masu babbar mota. Daga nesa suke zuwa, ba sa duba haƙori, ba sa duba kofato, fata suke so. Su ne kuma suka fi kowa tayi mai tsoka, tunda manoma sun koma babur mai ƙafa uku, jaki ya zama abin da tsofaffi ke riƙewa don sabo. Hoshur ma ya san abin da maganar ɗansa ke nufi.

Daga nan ya fara kawo Boz kara. Zai kwance amalanke a bayan kujerata, ya goge jakin tas, ya shiga da shi cikin layin masu sayarwa ya tsaya. Barat dillali, wani ƙaton mutum mai murya kamar ganga, shi ya ɗauki nauyin cinikin, kuma ya yi da-na-sani. Ya kawo wani mai tubali, Hoshur ya dubi bulalar da ke hannun mutumin ya ce albarka tun ba a taya ba. Ya kawo wani dattijo mai kyan fuska, Hoshur ya ce gidansa na bakin babban titi, mota za ta take jakin. Wani kuma laifinsa kawai ya buɗe bakin Boz da ƙarfi. Barat zai kama hannunsa ya cusa cikin hannun riga, yadda ake faɗin farashi da yatsu a ɓoye a nan, ya yi ta matsa masa yatsu yana jijjiga shi har hular tsohon ta karkace, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

Rannan Barat ya biyo shi har wurina yana huci.

"Hoshur aka, don Allah jaki kake sayarwa ko miji kake nema wa 'yarka?"

"Da na yi irin wannan binciken kafin in ba da 'ya'yana, da na huta da surukai."

"Tsohon jaki ne fa, haƙoransa ma sun kusa ƙarewa."

"Naka sun cika ne? Ga ka nan kana cin tsire."

Barat ya juya yana cewa Sawut usta, ka yi wa abokinka magana. Ni ne Sawut ɗin, usta kuwa laƙabin mai sana'a ne, kuma na yi maganar, don ina da baki. Na ce masa sabo turken wawa ne, kuma ni a ganina ba mai saye yake nema ba, dalilin dawowa kasuwa mako mai zuwa yake nema. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, kumfa na kansa, ya mayar ya rufe. Na san na taɓa inda ke ciwo, na kuma ji ba daɗi, don ni ma ba na son ranar da zan waiwaya bayan kujerata in ga babu amalanken.

Kaka ta yi, rumman da inabi suka cika kasuwa, ganyen dogayen itatuwan bakin hanya ya koma ruwan zinariya ya fara zuba. Mutane suka fito da rigunan auduga. Sai ga Ilyar ya iso, ya ce motarsu ta ranar Litinin ce. Lahadin nan tare suka shigo kasuwa, uban a gaba yana riƙe da igiya, ɗan a baya a inda uwarsa ke zama, ya ɗage ƙafa don kada takalminsa ya taɓa ƙasa. Babbar motar masu fata tana fake can ƙarshen kara, an riga an loda mata jakuna rabi. Ilyar ya ce zai bar Baba har la'asar, ya zo ya zauna a bencina yana duba agogo. Mu masu aski mun san in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Rana ta yi tsaka ba wanda ya taya sai yaron masu motar, da ya zo ya zagaya Boz yana shafa bayansa kamar mai auna yadi. Hoshur ya matsa ya shiga tsakaninsu. Ban yi aski mai kyau ba ranar, idona na can. Wani bawan Allah ma na bar masa gashi a ƙeya.

Bayan azahar wani mutum ya tsaya gaban jakin, da yankan kankana a hannunsa yana ci. Ba yaro ba ne, ya kusa arba'in, siriri, da tabon ƙuna a damtsensa. Na san shi sama-sama. Metrozi sunansa, marayan wani ƙauye ne na bakin kogi, tun yana ƙarami aka tafi da shi biranen gabas yana jan taliya a gidajen abinci, sai bana ya dawo da mata da 'ya'ya ya karɓi 'yar gonar da ubansa ya bari. Bai taɓa mallakar ko kaza ba. Ya gama cin kankanarsa ya miƙa wa Boz ɓawon, ya jira har ya cinye. Sannan ya gaida Hoshur, ya ce shi bai san yadda ake duba jaki ba, ba kuma zai yi ƙaryar ya sani ba, yana son wanda zai kai masa taki gona ya kai yara makaranta. Ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Me yake tsoro?"

Hoshur ya daɗe yana kallonsa. Duk makonnin nan an tambaye shi shekarun jakin, an tambaye shi nauyin da yake ja, ba wanda ya tambayi wannan.

"Gadar katako," ya ce. "In kun zo gada ka sauka ka wuce gabansa, zai bi ka. Kada ka doke shi a kanta."

Daga nan bakin da ba ya buɗewa ya buɗe. Ya gaya masa jakin ba ya shan ruwan da wata dabba ta sa baki, yana son a sosa masa ƙasan haɓa, kofatonsa na baya na dama yana tsagewa da sanyi, sai a shafa masa kitsen rago. Barat ya hango abin da ke faruwa, ya taho da gudu yana ture tumakin mutane, ya cafke hannuwansu biyu ya cusa cikin riga kafin tsohon ya sake tunani. Ba a ja ciniki ba. Abin da Metrozi ke da shi bai kai tayin masu mota ba, kowa ya sani, Ilyar ma ya sani, ya buɗe baki ya dubi fuskar babansa ya rufe. Hoshur ya ce ya sallama, har da amalanken. Barat ya jijjiga hannuwansu, aka shafa addu'a, 'yan kallo suka ce Allah ya sa albarka.

Sai Metrozi, cikin murna, ya miƙa hannu ya kama igiyar da ke hannun Hoshur ya ja.

Wani tsoho da ke kusa ya yi salati a hankali. Barat ya buge hannun Metrozi kamar na yaron da ya sa yatsa a miya.

"Kai, a wane gari aka raine ka? Ina igiyarka?"

Metrozi ya tsaya sororo. Bai zo da igiya ba, bai ma san ana zuwa da ita ba. Da aka gaya masa abin da ya yi sai kunnuwansa suka yi ja, ya shiga ba da haƙuri yana cewa wallahi bai sani ba, ba albarkar gidan kowa ya zo ɗauka ba. Matasa suka fara dariya, wani ya ce a sayar masa da jakin roba ya fara koyo da shi. Barat ya nuna masa rumfar masu igiyar leda, ya ce ya ruga ya sayo, ga su can kala-kala.

Hoshur bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya riga ya kai hannu wuyan Boz zai kwance ƙullin, kamar yadda ya yi wa kowace dabba tun yana saurayi. Na ga yatsunsa a kan ƙullin. Suka tsaya a nan, suna shafa wurin da tufkar ta yi siriri. Sai ya janye hannun, ya warware sauran igiyar daga tsintsiyar hannunsa, ya kira Metrozi da ya fara tafiya.

"Dawo, ƙanena. Leda tana cin wuya."

Ya kama hannun mutumin ya ɗora masa igiyar, ya naɗa masa ita sau biyu yadda ake riƙewa, ya rufe masa yatsu a kai.

Barat ya rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Aka, igiya ce fa. Ta Hornisahan ce."

"Na sani. Inda za ni babu turke, Barat. In na tafi da ita a ƙusa za ta ƙare. Shi kuwa yanzu zai fara kiwo."

Ilyar ya juya yana kallon wani wuri, ya ciro hankici ya yi kamar ƙura ce ta shiga masa ido. Metrozi ya dafa ƙirji ya sunkuya, ya sake sunkuyawa. Hoshur da kansa ya ɗaura wa Boz amalanken, ya nuna wa sabon mai shi inda ake sassauta majanyi, ya sosa wa jakin ƙasan haɓa, ya ce su tafi kada rana ta faɗi musu a hanya. Boz ya bi igiyarsa bai yi gardama ba. Hoshur bai tsaya kallonsu ba, ya taho ya zauna a kujerata ya cire hula, ko da yake makon jiya na yi masa aski.

"Aske shi sosai, usta. Wa ya san hannun da zai taɓa shi a can."

Na jiƙa kan, na wasa aska fiye da yadda take buƙata. Ya lumshe ido kamar kullum. Hannunsa na dama na kan gwiwarsa a dunƙule, babu komai a ciki, lokaci-lokaci yana ɗan ja kamar mai hana dabba matsawa. Na bi lotsin bayan kunnen a hankali, na sake bi, don ban so in gama. Zuciyata ta karye ranar, ba zan ɓoye ba. Da ya miƙo kuɗi na ce ya bari sai wani zuwan, ya ce to, mu duka mun san abin da muke faɗa. Ya sa hularsa ya bi ɗansa. Ban taɓa ganin ya bar kasuwa da ƙafa ba sai ranar, ya goya hannuwansa a baya, ɗaya na riƙe da ɗaya.

Hunturu biyu ya yi a Urumci, Allah ya karɓi abinsa. Ilyar ya ce ya kula da shi iyakar iyawarsa, kuma na yarda. Ya ce yawanci a bakin taga yake wuni yana kallon motoci, in Lahadi ta zo sai ya sa rigarsa ta fita ya zauna a bakin gado.

Metrozi yanzu yana da tumaki, har ya koyi yi wa Barat gardama. Ranar da ya fara sayar da rago na gan shi ya kwance igiyarsa ya naɗe ya cusa a ƙugu, ba wanda ya tuna masa. Boz ya ƙara tsufa, tafiyarsa ta ragu, amma duk Lahadi yana shigowa. In sun iso bishiyata sai ya ja ya tsaya, ko Metrozi ya yi ta yi masa tsawa har muryarsa ta dushe ba zai ƙara taku ba. Dole a nan bayan kujerata ake kwance shi. Igiyar tana wuyansa, matar Metrozi ta ɗaure inda ya tsinke da wani jan zare. Yakan leƙo ya dubi wanda ke zaune a kujerar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sunkuyar da kai ya ci ɓawon kankanar da na ajiye masa.